Yini Guda a Bakin Ruwa, Daga Kafinsoli Zuwa Zobe

A makon nan ba zancen girki ko ɗinki zan yi muku ba. Labarin wata 'yar tafiya zan ba ku, wadda muka yi cikin yini guda, muka tashi da safe muka kwana gidajenmu, amma abin da muka gano ya isa a zauna a yi hira a kansa.

Mafarin abin kuwa 'yar ƙanwata ce da ke hannuna, yarinya mai shekara 12. Wata rana ta komo daga makaranta da littafin labarin ƙasa, ta buɗe mini taswira ta ce, "Inna, wai duk wannan shuɗin ruwa ne? Malama ta ce teku ba a hango ƙarshensa." Na ce mata haka ne. Sai ta ce, "Ke kin taɓa gani?" Na yi shiru, don kuwa ban taɓa gani ba. Mu nan ƙasar Katsina teku ya yi mana nisa ƙwarai, sai mutum ya keta Nijeriya tun daga arewa har kudu kana ya kai gare shi. Amma na tuna muna da namu ruwan da ba mu kula da shi. Da dare na roƙi maigida, ya yarda, ya ce ƙanensa mai mota zai kai mu ran Asabar. Da Goggo ta ji, watau yayar mahaifin maigida, sai ta ce ita ma ƙafarta ƙafarmu, ba za a je kallon ruwa da yara ba babba a wurin. Madalla da ta zo, za ku ji dalili.

To, ke uwargida, in kina son irin wannan fita, shiri tun daren jiya ake yinsa. Abu na farko, maigida ya tambayi lafiyar hanya wurin direbobin tasha, domin kin san a 'yan shekarun nan ɓarayin daji sun dami ƙauyuka da yawa a yammacin jiharmu, ba a kama hanya da ka. Mu ma sai da aka tabbatar mana lafiya lau kana muka fita, da sharaɗin mu juyo tun rana da sauran tsawo. Na biyu, guzuri. Na yi dambun zogale, na soya ƙosai, na ƙulla fura a ƙwarya, muka ɗauki tabarma biyu da buta. Na uku, shi ne ya fi, na cika jarka da ruwan famfo na gida. Goggo ta yi mini dariya ta ce, "Wa ya taɓa ganin mai zuwa bakin ruwa da ruwa a ka?" Na ce, "Goggo, a bar ni dai da wautata."

Mun bar Kafinsoli da hantsi. Ƙarshen watan Oktoba ne, ruwan sama ya ɗauke, an girbe gero an ɗaure dammuna, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai, mata da yara suna tsintar wake a gonaki. Ba mu yi nisa ba ƙanen maigida ya saki kwalta ya bi wani burtali, irin hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, har muka kai inda mota ba ta iya wucewa. Muka sauka muka taka da ƙafa. Can bayan wasu itatuwan tsamiya da kanya sai ga tafki kwance a cikin kwari.

Ke da ke zaune cikin gari, mai yiwuwa kududdufin bayan gida kaɗai kika sani, wanda ake zuba shara. Tafkin daji dabam yake. Ruwan damina ne ke gangarowa daga tudu ya taru inda ƙasa take laka, ita kuwa laka ba ta barin ruwa ya nutse da sauri kamar yadda rairayi ke yi. Shi ya sa tafki yakan kai tsakiyar rani, wani ma har bazara. Ganyen bado ya rufe gefe guda, da furanninsa farare a buɗe. Balbelu sun yi fari fat a bisa wani gawo da ya fara toho. 'Yan makaranta, ku lura da gawo: da damina, sa'ad da kowane itace ke kore, shi tsirara yake, sai ruwa ya ɗauke kana ya yi ganye. Don haka manomi ba ya sare shi, gama ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da rani. Zalɓe ɗaya yana tsaye da ƙafa cikin ruwa ba ya ko motsi, yana dakon kifi. Shamuwa ce kaɗai ba mu gani ba, ta riga ta yi kudu, sai ruwa ya kusa ta komo.

Mun shimfiɗa tabarma ke nan sai ga garken shanu ya ɓullo, da wani yaro da sanda a kafaɗa. Shanun suka kutsa har gwiwa suna sha, wasu suna kashi a ciki. Ƙasa da su kaɗan wata dattijuwar Bafillatana tana wanke ƙore, 'yarta kuma tana cika tulu. Muka gaisa. Na ce, "Inna, wannan ruwan kuke sha?" Ta ce, "To, 'yata, mu sha wanne? Rijiyar da ke kusa ta mutanen gari ce, in mun je da safe layi, mu kuwa ga tatsa, ga tallan nono." Na rasa abin da zan ce mata. Kin ga ni na zo da jarkata don yini ɗaya tak, ita kuwa nan ne randarta kullum. Muka sayi nono wurinta muka dama furarmu.

Goggo ta nuna wa yarinyar bakin tafkin inda laka ta fara tsagewa, ta ce mata a ƙarƙashin irin wannan wuri gaiwa ke kwana. Gaskiya ne kuwa. Gaiwa kifi ce mai huhu, tana shaƙar iska kamar mu. In ruwa ya fara janyewa sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar kafar numfashi, ta kwanta watanni ba ci ba sha har ruwan sama ya sāke sauka. Da bazara samari kan zo da fartanya su tono ta. Yarinyar ta ce lalle sai ta gaya wa malamarsu.

Rana ta fara zafi sai ga yara maza kamar su shida, suka tuɓe riguna suka faɗa ruwa suna iyo suna ihu. Yarinyata ta dube ni ta ce, "Inna, in sa ƙafata kawai?" Na ce a'a. Ga dalilin, ina so kowace uwa ta karanta wannan wurin sau biyu.

A cikin irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukar tsargiya, ciwon nan da yaro ke fitsari da jini a ƙarshensa. Ba rana ce ke kawo ta ba, ba kuma cin wani abu ba ne. Tsutsa ce. Mai ciwon in ya yi fitsari cikin tafki, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ganyen bado da ciyawar gefe. A can suke yawaita, sa'an nan su fito cikin ruwa dubbai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya shiga, ko wanka, ko wanki, ko tsallakawa kawai, sai su huda fatarsa su shige jini, su je su zauna a jijiyoyin mafitsara. Sun fi fitowa kuwa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Waɗansu mutanen da suna cewa jinin nan alamar yaro ya fara girma ne. Wannan kuskure ne babba. Ciwo ne mai shan jini, yana sa yaro ya rame ya kasa karatu, in ya daɗe yana ɓata mafitsara da ƙoda. Ga 'ya mace abin ya fi muni, domin ƙwan tsutsar yakan kai ga mahaifa, ya jawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har ya hana haihuwa, ita kuwa kunya ta hana ta faɗi. Alhamdu lillahi akwai magani, ƙwaya ce ana ce da ita praziquantel, ana samunta a asibiti, ma'aikatan lafiya kuma sukan raba ta a makarantu. In an zo rabo kada ki hana ɗanki sha, sai dai ki tabbata ya ci abinci tukuna. In kuma tilas ta sa da ruwan tafki za ki yi wanka ko wanki, ki ɗebo ki ajiye shi kwana biyu, tsutsar ba ta kai haka da rai in ba ta sami jikin mutum ba. Na sha kuwa, tacewa da tafasawa.

Ina cikin yi wa yarinyar wannan bayani sai Goggo ta ɗan janye zanenta ta nuna mana wani tabo a idon sawunta. Ta ce, "Kun ga wannan? Kurkunu ne. Shekarar da aka yi mini aure ya kwantar da ni tun shuka har girbi, ana naɗe shi a tsinke kaɗan kaɗan." Yarinyar ba ta taɓa jin ko sunansa ba. Ku 'yan makaranta na yanzu, ku gode wa Allah. Kurkunu tsutsa ce da ake sha cikin ruwan tafki, ta yi kamar shekara guda a jiki, sa'an nan ta huda fata ta fito, tsawonta yakan kai mita ɗaya. Da aka ƙidaya a 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya. Ba allura aka yi masa ba, gama ba shi da ita. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe shi, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon sa ƙafa a tafki. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi ta yawo ƙauyuka kan wannan aiki, amma masu tace ruwan kowace safiya mata ne irinmu. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijeriya ta rabu da shi. Goggo ta ce, "Ashe dai jarkar taki ba wauta ba ce." Kafin mu tashi na juye wa Bafillatanar nan rabin ruwan a ƙwaryarta, na kuma gaya mata zancen ajiye ruwa kwana biyu. Ta ce tulu ɗaya gare su, amma za ta nemi na biyu in ta je kasuwa.

Daga nan muka koma kan kwalta muka miƙa yamma zuwa Dutsin-ma. Tun daga nesa za ki hango duwatsu sun taso, garin kuwa yana gindin babban dutsen da ya ba shi suna. Mutanen wurin sun ce wani maharbi ne mai suna Ma ya fara zama a kansa. Garin 'Yandakan Katsina ke nan, ɗaya daga cikin manyan hakiman masarautar. Na sa aka rage gudu don yarinyar ta ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wadda aka sa wa sunan Wazirin Katsina, Ministan Ilmi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. A garin kuma akwai Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Muka ga 'yan mata da littattafai a hannu suna tafe biyu biyu. Na ce mata, "Waɗannan ma daga firamare suka fara kamarki."

Muka yi sallar azahar, sa'an nan muka yi kudu da garin kaɗan. Tun ba mu kai ba iska ta canza, ta yi sanyi, tana ƙarnin kifi. Da muka hau wani ɗan tudu sai ga Zobe. Yarinyar ta ƙanƙame hannuna ta ce, "Inna, teku!" Ni kaina sai da na ce Allahu akbar. Ruwa ne shimfiɗe yana ƙyalli, ya bi kwari ya tafi, ta wani gefen sai ki ƙura ido kana ki hango itatuwan ƙetare kamar zare. Iska tana turo 'yan raƙuman ruwa suna dukan gaɓa suna komawa. Goggo ta zauna a kan dutse ta yi ta tasbihi.

Wannan ruwa ba haka Allah ya ajiye shi tun asali ba, datse kogin Karaduwa aka yi. An gama ginin madatsar a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Da ƙasa aka yi bangon, aka daddaɓe, aka jera duwatsu a fuskarsa. Tsawonsa mita 2,750 ne, watau ya kusa kilomita 3, tsayinsa kuma mita 19, kamar bene hawa shida. In ya cika yana riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. Kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ce, daidai da jarka 40 irin mai lita 25. 'Yan makaranta, ga aikin gida: ku lissafa jarka nawa ke nan. An gina shi don a shayar da garuruwa har Katsina, a kuma yi noman rani a fili mai faɗin hekta 8,000. Amma abin takaici, shekaru suka yi ta wucewa ruwan yana kwance, mata a ƙauyukan da ke kewaye da shi suna tafiya da tulu a ka. Sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe kashin farko na aikin tace ruwan da tura shi cikin bututu. Daga 1983 zuwa 2021 shekara 38 ke nan. Yarinyar da aka haifa ran da aka gama madatsar ta isa aurar da 'ya kafin famfon ya zo. Ina tsaye a wurin Bafillatanar tafki ta faɗo mini a rai.

A bakin gaɓa masunta suna gyaran raga, kwalekwalensu a ɗaure. Mun ga wani ya tsaya a jirgi ya wurga birgi, ta buɗe kamar faifai ta faɗa ruwa. Mata suna ƙyafe kifi a kan waya, hayaƙi na tashi. Na sayi tarwaɗa da karfasa ɗanye. Ga yadda za ki gane sabon kamu: ki ɗaga murfin kunnensa, in ciki ja ne wur, ido kuma garau bai faɗa ba, in kin danna tsoka ta taso, to saya. Can gefe masu lambu sun fara yanka fangali suna renon irin tumatir da albasa da tattasai. Goggo ta ce a zamaninsu da jigo ake ban ruwa, guga ɗaya ɗaya, yanzu kuwa inji ke ta ƙugi.

Nan ne hankalina ya tashi. Ina cinikin kifi na saki hannun yarinyar. Ashe ta hango wata 'yar ƙwarya tana yawo a ruwa, ta taka duwatsun gefe za ta ɗauko. Duwatsun nan kuwa gansakuka ta rufe su, santsi gare su kamar kuɓewa. Sai ji na yi Goggo ta daka tsawa, "Ke! Tsaya nan!" Na waiwaya na ga ƙafarta ɗaya ta zame, ta faɗi zaune, zanenta ya jiƙe har gwiwa. Wani dattijon masunci ya yi wuf ya cafke ta. Da ya hau da ita ya ce mini, "Hajiya, ruwan dam ba kamar na tafki ba ne. Nan taku biyu ne kawai, na uku rami ne, ya shanye namiji tsaye." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Jikina bai bar rawa ba sai da na ɗauraye mata ƙafafu da sauran ruwan jarkar na goge su sarai da mayafina. Laifina ne, ba na yarinya ba. Ya yi mana tayin ya zaga da mu cikin kwalekwale, na tambaya ko akwai rigar nan da ke hana nutsewa, ya ce babu, na ce to a yafe mu.

Da hankali ya kwanta muka zauna a inuwa muka ci dambu, na sa ta buɗe taswirarta, gama ta zo da ita. Muka bi ruwan da yatsa. Abin da ya tsallake madatsar Zobe yana bin Karaduwa ya yi yamma, ya faɗa kogin Bunsuru, Bunsuru ya kai shi gulbin Rima. Rima ya bi ta Goronyo ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu, su gangara ta Argungu inda ake bikin kamun kifi, su wuce Birnin Kebbi su shiga kogin Kwara. Kwara ta ratsa madatsar Kainji da aka gama a 1968, ta sadu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan ta rarrabu ta zube cikin tekun Atlantika. Da yawan ruwan rana ce ke shanye shi a hanya, da gonaki, amma wani yana kaiwa. Na ce mata bambancin wannan da teku na gaske shi ne, na teku gishiri gare shi, ba a sha, ba a ban ruwa da shi, namu kuwa ruwan daɗi ne. Ta ce to ai namu ya fi. Goggo ta ce, "Ya fi mana, in an kawo mana shi gida."

Ana kiran la'asar muka kama hanya, muka iso Kafinsoli rana ba ta faɗi ba. Da dare na yi miyar tarwaɗa da tuwon dawa, yarinyar kuwa ta hana kowa magana da labarin gaiwa da na masunci.

To 'yan'uwa, gani ya kori ji. In hali ya yi, hanya kuma lafiya, ki roƙi maigida ya kai ku, ko Zobe ko wani ruwan da ke kusa da ku. Ki tafi da ruwan shanki, ki tafi da babba mai ido, kada ki saki hannun yaro ko don ƙiftawar ido. In kin komo kuma ki tambayi 'ya'yanki, maza da mata, a keɓe cikin lallashi, ko akwai mai ganin jini a fitsarinsa. In akwai, gobe da safe sai asibiti. Tawa yarinyar ma zan kai ta a duba ta nan da wata biyu saboda jiƙewar nan da ta yi, gama ciwon ba ya nunawa nan da nan. Wadda ta gama lissafin jarkokin nan ta aiko mini da amsa, zan sanar da wadda ta fara cinkawa a wannan fili.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya tsare mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.